Fanisau da sauran gandaye: Tarihin bayin gona na jiran masu binciken kufai

Bisa al'adar masarautar Kano, idan aka yi Hawan Daushe da Hawan Nasarawa a Babbar Sallah, sai Sarki ya rufe bukukuwa da Hawan Fanisau. A Ƙaramar Sallah kuwa Ɗorayi yake fita. Jama'a kan yi dafifi a bakin hanya don kallon dawaki da 'yan lifidi da 'yan bindiga, amma da wuya a ji wani ya tambayi abin da ya sa Sarki yake da gida a waɗannan wurare tun farko. Amsar tana cikin ƙasar da dawakin ke takawa. Nasarawa da Ɗorayi da Fanisau duk gandayen sarauta ne a ƙarni na 19, kuma bayi ne suka nome su.

Fanisau tana Ƙaramar Hukumar Ungogo, ba nisa da filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846, shi ya mayar da ita ribaɗi domin tare hare-haren Ɗan Tunku daga arewa. Lokacin da Baturen Ingila Hugh Clapperton ya iso Kano a Janairun 1824, sai da ya fita zuwa Fanisau kafin ya ga Sarki, domin a can ya yi sansani. Ribaɗi kuwa ba ya tsayuwa sai da abinci: mayaƙa na buƙatar dawa da gero, dawaki na buƙatar harawa. Don haka aka zaunar da bayi a kewayen garin, aka buɗe gonaki, manyan bayin sarki irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama suna kula da gandayen sarauta. Daga baya attajiran birni su ma suka kafa nasu.

Abin bai tsaya a Kano kaɗai ba. A Zazzau rinji ake cewa, Fulani su ce rumde, a ƙasar Nufe kuma tungazi. Masana tarihi biyu, Paul Lovejoy da Jan Hogendorn, sun ƙiyasta cewa a wajajen 1900 bayin da ke Daular Sakkwato sun kai tsakanin miliyan ɗaya da miliyan biyu da rabi. Audugar da masaƙan Kano suka saƙa, da baban da aka zuba a karofin Ƙofar Mata da na Kura, da hatsin da ya ciyar da fatake, kaso mai yawa daga irin waɗannan gonaki ya fito. Dokar Lugard ta 1901 ta 'yanta duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilun shekarar, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Najeriya ba sai a 1936. Ke nan kakannin wasu da ke raye a yau sun ga ƙarshen wannan zamani da idonsu.

Abin da baki ya faɗa

Kusan duk abin da aka sani game da rayuwa a gandu daga wurare biyu ya zo: takardu da bakin dattawa. Tsakanin 1949 da 1950, a garin Giwa, Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwar Baba ta Karo, wadda danginta suka mallaki rinji, kuma littafin ya fito a 1954. A ciki ne aka ji yadda bayi kan yi aikin gandun ubangida daga hantsi zuwa azahar, sauran lokacin kuma su koma gayaunarsu. A 1975 wani ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello, Yusufu Yunusa, ya naɗi hirarraki da dattawan Kano da Fanisau a kaset, ƙarƙashin wani shirin binciken tarihin tattalin arziki da Lovejoy da Hogendorn suka jagoranta. Shi kansa Hogendorn ya wallafa nazari a 1977 kan rinji biyu na Zazzau, Biye da Hanwa. Waɗannan hirarraki, haɗe da takardun Turawan mulki, su ne ginshiƙin littafin da Farfesa Mohammed Bashir Salau na Jami'ar Mississippi ya fitar kan Fanisau a 2011, da wanda ya biyo baya kan daular baki ɗaya a 2018.

Aiki ne mai daraja, amma yana da iyaka. Takardun Larabci na fada ne da na alƙalai, na Turanci kuma na jami'an da hankalinsu ke kan haraji. Dattijon da aka yi hira da shi a 1975 yana ba da labarin ƙuruciyarsa ne, ko abin da ya ji daga mahaifinsa, kuma yana yi ne a gaban baƙo mai rikoda, a cikin al'ummar da har gobe asalin bauta abin ɓoyewa ne idan ana neman aure. An san ma'anar murgu, wato kuɗin da bawa ke biyan ubangidansa don ya yi sana'ar kansa. An san fansar kai, an san cucanawa da aka haifa a gidan bauta. Amma girman ɗakin da bawan gandu ya kwana a ciki, da abin da ya shiga tukunyarsa, da ko matar da aka kamo daga ƙasar Ningi ko kudancin Zazzau ta ci gaba da ginin tukunya irin ta garinsu, waɗannan ba abubuwan da marubucin fada ke ɓata tawada a kansu ba ne.

Har ma akwai saɓani tsakanin masana da ya daɗe. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Ɗorayi a farkon shekarun 1970, ta ƙi yarda a kwatanta gonakin bayi na ƙasar Hausa da manyan gonakin rake da auduga na nahiyar Amurka. A ganinta yawancin bayin gona sun zauna ne cikin gidajen manoma, suna noma kafaɗa da kafaɗa da 'ya'yan gida. Lovejoy da Salau kuwa suna ganin akwai manyan gandaye masu ɗimbin bayi, da sarkin gandu a kansu, da tsarin aiki na ƙungiya. An shafe shekaru kusan hamsin ana wannan muhawara da takarda da alƙalami, alhali wani ɓangare nata tambaya ce ta awo: faɗin wurin zama nawa ne, gidaje nawa, rumbuna nawa, kuma a hannun wa rumbunan suke.

Abin da ƙasa ke riƙe da shi

A nan ne ilimin binciken kufai, wanda ake kira akiyoloji a jami'a, yake da abin cewa. Reshensa da ya shafi wannan batu shi ne wanda ke tono wuraren da aka zauna a zamanin da rubutu ya riga ya samu, yana gwada abin da takarda ta ce da abin da ƙasa ta adana. A Arewa, fitattun ayyukan tono sun fi karkata ga zamanin da ya fi wannan nisa ko ga biranen sarakuna: Taruga da sauran wuraren Nok, Daima a Borno, Turunku da Kufena a Zazzau, kaburburan Durɓi ta Kusheyi a Katsina, Surame ta Kanta, da Kufan Kanawa a Nijar inda Anne Haour ta yi aiki. Ƙauyen bayi na shekara 150 da suka wuce ba shi da mutum-mutumin da za a kai gidan tarihi a Turai, don haka bai ja hankalin masu ba da kuɗin bincike kamar waɗancan ba.

Wani zai ce ginin ƙasa ba ya barin komai. Gaskiya ne tubali kan narke ya koma tudu bayan 'yan damuna, bukkar kara kuwa ko tudun ba ta bari. Sai dai duk manomin da ya taɓa huɗa a tsohon kufai ya san alamominsa: kukoki a jere inda babu gida, ƙasa mai toka-toka, tsingaro barjat bayan ruwan farko, dutsen niƙa da ya lotsa, bakin rijiya da ya cike, kududdufin da aka haƙi ƙasar gini. Karofin da aka shafe da laso yakan daɗe a binne bai lalace ba. Juji kuwa, wanda kowa ke kawar da kai daga gare shi, shi ne taskar mai tono. Ƙwayar hatsin da ta ƙone tana nuna ko dawa aka fi ci ko gero ko maiwa. Ƙashi yana nuna ko nama na isa gidan, kuma wane yanki na dabbar. Idan jujin gidan sarkin gandu ya bambanta da na sauran gidaje, an sami shaidar da babu dattijon da zai iya ba da ita dalla-dalla.

Akwai wata matsala ta fasaha da ke sa wannan reshe ya zama gwaninta ta daban. Gwajin sinadarin kabon da ake auna shekarun kayan Nok da shi ba ya rarrabe shekarun ƙarni na 19 da kyau. Dole mai bincike ya dogara da ƙananan kayan da aka san lokacin shigowarsu: duwatsun ado na gilashi, lofen taba, wuri, fasassun kwalabe, kwanon sha na Turawa, da anini da kwabo masu huji waɗanda aka fara bugawa a wajajen 1907. Inda aka sami anini a saman wani daɓe, wuri kuma a ƙarƙashinsa, an sami iyakar zamani biyu. Da haka za a iya bin sawun tambayar da ta fi kowace muhimmanci a tarihin Fanisau: bayan da Turawa suka ci Kano a 1903, kuma jirgin ƙasa ya kawo cinikin gyaɗa daga 1912, su wa suka gudu, su wa suka zauna, kuma me ya canza a cikin gidajen waɗanda suka zauna?

Yadda abin ya zama sana'a a Amurka

Waɗanda suka fi nisa a wannan fanni su ne Amurkawa, kuma su ma ba da wuri suka fara ba. Sai a 1968 Charles Fairbanks ya tona ɗakunan bayi a gonar Kingsley da ke Fulorida, a lokacin da masu kula da irin waɗannan wurare ba su nuna wa baƙi komai sai gidan ubangida da kujerunsa. A Monticello, gonar shugaban Amurka na uku Thomas Jefferson a Jihar Bajiniya, wanda ya mallaki bayi fiye da 600 a tsawon rayuwarsa, William Kelso ya tona layin gidajen bayi da ma'aikata a shekarun 1980. Cikin abubuwan da aka samu har da ƙwayar wuri, irin wanda aka yi ciniki da shi a kasuwar Kurmi.

Wani binciken nasu ya isa misali. A ƙarƙashin daɓen tsofaffin ɗakunan bayi an riƙa samun ramukan ajiya da yawa a ɗaki guda, a ɗakunan da aka gina daga baya kuma ramukan suka ragu, ɗakunan suka ƙanƙance. Masu binciken Monticello sun fassara wannan da cewa da farko ana cusa mutanen da ba dangin juna ba a ɗaki ɗaya, kowa na ɓoye ɗan abin hannunsa, daga baya kuma, a daidai lokacin da gonar ta bar taba ta koma alkama, bayi suka sami zama iyali-iyali. Jefferson mutum ne mai yawan rubuce-rubuce, amma ramuka ne suka ba da wannan labari.

Yau Monticello tana da sashen binciken kufai na dindindin, tana horar da ɗalibai kowace bazara tare da Jami'ar Bajiniya, kuma tun 2000 take riƙe da wata taskar bayanai ta intanet da ke tattara sakamakon tono daga gonakin bayi na Amurka da tsibiran Karibiyan, har da Jamaika. Sai dai abin da ya kamata ma'aikacin gwamnati ya lura da shi shi ne, ba irin su Monticello ne suka fi ɗaukar masu wannan ilimi aiki a Amurka ba. Yawancinsu kamfanonin bincike ne ke biyansu albashi, kuma kamfanonin sun samu ne saboda wata doka ta 1966 da ta wajabta wa hukumomin tarayya duba tasirin ayyukansu kan wuraren tarihi kafin a fara gini. Sashe ɗaya na doka ya haifar da kasuwar aiki.

Ɗalibi a Zariya, fayil a Abuja

A Najeriya ana karanta wannan fanni a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Ibadan inda Thurstan Shaw ya kafa sashen, da Nsukka, da Jos. Abin mamaki, Hanwa da Biye da Hogendorn ya yi nazari a kansu duk suna kusa da harabar Samaru. Hanwa ma tuni gidaje suka mamaye ta. Wanda zai yi aiki a kan gandu yana buƙatar fiye da cebur da burushi. Sai ya iya awon fili da zana taswira a kwamfuta, da karanta hotunan tauraron ɗan'adam da tsofaffin hotunan sama, da tantance tukwane, ko ƙashi, ko irin shuka. Sai kuma abin da ɗalibin Arewa ya fi kowa dama a kai: Hausa ta zama da dattawa, da ajami da Larabcin da zai buɗe masa takardun Gidan Arewa da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da Cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato. Wanda ya yi allo ya kuma yi boko ya riga Baturen da ya zo daga nesa da shekaru.

Matsalar ita ce inda zai kai takardar shaidarsa. Ƙofofin da aka sani ba su da yawa: koyarwa a jami'a, ko Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa wadda dokar soja mai lamba 77 ta 1979 ta kafa, inda mai digiri zai fara daga mataki na 08 kamar kowa idan an buɗe ɗaukar aiki, ko hukumomin tarihi da al'adu na jihohi. Aikin daji kuma ya ƙara haɗari. A Fabrairun 2017 an sace Farfesa Peter Breunig na Jami'ar Goethe ta Frankfurt da abokin aikinsa a Janjala, Ƙaramar Hukumar Kagarko, inda suke binciken Nok, aka kashe mutum biyu na yankin da suka bi sawu. Ta wannan fuska gandayen da ke bakin Kano da Zariya sun fi sauƙin kai wa, sai dai su kuma bulo da siminti ke cinye su.

Doka ta ba hukumar gidajen tarihi ikon ba da izinin tono, kuma babu wanda ya halatta ya tona wurin tarihi ba da izininta ba. Dokar auna tasirin ayyuka kan muhalli ta 1992 kuma tana hannun Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya. Bankin Duniya da takwarorinsa suna da sharaɗin kare kayan tarihi a ayyukan da suke ba da rance, har da matakin da ɗan kwangila zai ɗauka idan katafila ta tono wani abu. Ke nan kayan aikin suna nan a warwatse. Abin da ke raba rahoton da ya cika sharaɗi a takarda da wanda ya aika mutum ya taka filin da ƙafarsa shi ne jami'in da ke rubuta ƙa'idojin aikin, da wanda ke duba rahoton kafin a sa hannu. Ƙasar nan ta taɓa yin abin da ya dace: kafin ruwan madatsar Kainji ya rufe tsohuwar Bussa da ƙauyukan bakin Kwara a 1968, an tura masu tono sun ceci abin da za su iya. A Benin ma an yi tono kafin a aza ginin sabuwar cibiyar fasahar Afirka ta Yamma, tare da hukumar gidajen tarihi da Gidan Tarihi na Birtaniya, matasan Najeriya kuma suka sami horo a wurin.

Mazaunin Kado ba ya buƙatar zuwa Kano kafin ya ga yadda ƙasa ke rufewa. Kafin dokar 1976 da ta ƙirƙiri Babban Birnin Tarayya, Kado ƙauyen Gbagyi ne, kuma a cikin shekarun da ba su kai rayuwar mutum ɗaya ba ya koma rukunin gidaje da kasuwar kifi da tituna. Wannan yanki kuwa yana da nasa kaso a labarin gandu, domin ƙasashen kudu da Zazzau na cikin inda aka riƙa kai hari a ƙarni na 19. Sunan Ibrahim Nagwamatse na Kontagora bai ɓace daga bakin Gbagyi ba, kuma tsoron mahara na cikin abin da ya sa garuruwa da dama suka koma kan duwatsu. Kufan kan dutse a nan da kufan rinji a can bakin zare ɗaya ne, kuma mai nazarin tukwane zai iya gwada ko hannun da ya gina ta nan shi ya gina ta can.

Ba a rasa masu cewa a bar kaza cikin gashinta. Damuwarsu ba ta banza ba ce. Akwai iyalai a Fanisau da Ɗorayi da Hanwa da ba za su so wani ya zo da taswira yana nuna inda kakansu ya kwana a matsayin bawa ba, akwai kuma jikokin masu gandu da za su ɗauka ana neman tozarta gidansu ne. Ga kuma maƙabartu, waɗanda babu Musulmin da zai yarda a taɓa. Masu wannan sana'a a wasu wurare sun koyi cewa ba a fara haƙa sai an zauna da mutanen wurin, an yarda da abin da za a tona da abin da za a bari, da sunan da za a ambata da wanda za a sakaya. A Montpelier, gonar shugaba James Madison, sai da aka kai ruwa rana kafin jikokin bayin wurin su sami rabin kujerun hukumar gudanarwa a 2022. A ƙasar Hausa hanyar ta fi bayyana, domin akwai mai unguwa da dagaci da hakimi da liman, kuma masarautar da ke da gida a Fanisau har yau ita ce ta farko da za a nemi amincewarta.

Lokaci ne dai ba ya jira. Bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614, da titin Abuja zuwa Kano da ake sake ginawa, da layin dogo na Kaduna zuwa Kano, duk suna ratsa tsakiyar tsohuwar ƙasar rinji ta Zazzau da kudancin Kano. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi kuma ya bi ta Dambatta da Kazaure, ƙasar Ɗan Tunku, wato yankin da aka kafa ribaɗin Fanisau don tsaronsa. Kowane ɗayan waɗannan ayyuka yana da fayil a wata ma'aikata a Abuja, kuma a kowane fayil akwai shafin da ya yi magana kan kayan tarihi.